Likita ya tura ni wajen masaniyar halayyar ɗan Adam, me zan tarar a can?

Ummu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya taɓa shiga ko ya san yadda abin yake. Tun bayan rasuwar mahaifiyata bana samun barci, gabana sai ya riƙa faɗuwa haka kawai, wani lokacin ina tsaka da girki kuka zai zo min, hayaniyar yara ma bana iya ɗauka. Na je asibiti an auna jini an auna suga ance lafiya ƙalau, shine likitan yace ciwon damuwa ne, ya bani takarda in je in ga masaniyar halayyar ɗan Adam wai zamu riƙa zama muna magana. To ni abinda ya ɗaure min kai, magana kawai? Me zan ce mata? Kuma dole ne sai na faɗi sirrin gidana? Maigida ya yarda amma yace kar danginsa su ji, kun san mutanenmu da sun ji ance ɓangaren ƙwaƙwalwa shikenan kin zama mahaukaciya. Ran Talata zan fara, wallahi tsoro nake ji.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan Mama ya kai haske kabarinta. Ki kwantar da hankalinki, na yi aiki a wannan ɓangaren. Zaman farko yawanci tambayoyi ne, ita ce zata ja maganar ba ke ba, don haka kar ki damu da me zaki ce. Zata tambaye ki yaushe abin ya fara, barcinki, cin abincinki, ko akwai wani a dangi da ya taɓa irin wannan, magungunan da kike sha har na gargajiya da rubutu duk ki faɗa mata kar ki ɓoye. Wasu suna bada wata takarda mai tambayoyi 9, PHQ-9 ake ce mata, akan yadda kika ji cikin sati 2 da suka wuce, ba jarrabawa bace, so ake a ga nauyin abin yau don a gwada da na gaba. Akwai tambayar da take razana mutane, zata ce ko kin taɓa jin gara ma ki mutu ko tunanin cutar da kanki. Kowa ake yi wa ita, ki faɗi gaskiya, ba don a ɗaure ki bane. Zaman yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya, galibi sau ɗaya a sati ko bayan sati 2, ya danganta da cunkoson wajen.

Maganar sirri kuma, aikinta ya hana ta fitar da zancenki, ko maigidanki ne ya zo tambaya sai da yardarki, sai dai idan ta ga ranki ko na wani yana cikin haɗari. Abinda baki shirya faɗa ba kice mata ba yanzu ba, shikenan. Sannan ki sani ita bata rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, idan ta ga kina buƙata zata haɗa ki dashi. In an baki kuma yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin ki fara jin canji, kar ki yar dashi a kwana uku kice baya aiki, kar kuma ki daina lokaci ɗaya ba da sanin likita ba.

Baban Sadiq:
Hajiya ni na shiga, bayan 'yan fashi sun tare motarmu na koma ko ƙarar faɗuwar murfin tukunya naji sai jikina ya hau rawa. Abinda nake so ki sani, da farko abin zai iya ƙara miki nauyi. Ni ina fitowa daga ofishin masanin da aka haɗa ni dashi sai na zauna a benci a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa min riga, kaina kamar an ɗora min buhun gero, saboda abinda na daɗe ina dannewa ne aka taɓo. Ya faɗa min dama haka na faruwa, kuma in yayi yawa in gaya masa mu rage gudu. Irin zaman da muka yi CBT suke ce masa, wato koya maka gane tunanin da yake tada maka hankali da yadda zaka canja shi, kuma ba hira bace kawai, aiki ake baka ka tafi dashi gida. Littafi na saya irin na 'yan makaranta na raba shafi gida uku, me ya faru, me ya zo min a rai, me na ji a jikina. Idan na koma sai mu ɗauki tunani ɗaya mu duba shi, da gaske ne duk hanyar da na hau sai an tare ni, ina hujja? A hankali ya sa na fara da zuwa tasha in tsaya kawai in dawo, daga baya gajeriyar tafiya. Yanzu ina hawa mota alhamdulillah, gaban yana faɗuwa wani lokacin amma baya hana ni fita. Shi irin wannan ba na har abada bane, yawanci tsakanin zama 6 zuwa 20 ne.

Ɗan Dattijo:
Allah ya sawwaƙe. Ni dai a ganina ki riƙe azkar da karatun Alƙur'ani, a yi miki ruƙya, mumini da haƙuri aka san shi. Ina amfanin kai wa baƙo sirrinki?

Maman Ilham:
Malam Ɗan Dattijo da girmanka, ai babu wanda yace ta bar azkar. Annabi Yaƙub yayi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana cikin Suratu Yusuf, waye zai ce bashi da imani? Kuma hadisi ya tabbata Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Irin wannan maganar ce take sa mata suna shiru a ɗaki shekara da shekaru ana cewa aljanu ne. Ummu Hanif ki je 'yar uwa, ki haɗa da addu'arki. Kuma kina da damar cewa mace kike so, ko wadda take jin Hausa sosai, don damuwa bata faɗuwa da kyau da yaren da ba naka ba. Idan kin yi zama uku huɗu kika ga bata sauraronki ko tana yi miki faɗa kamar uwar miji, ki nemi a canja miki, ba laifi bane. Tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta bawa mara lafiya haƙƙin a riƙe masa sirri kuma a nemi yardarsa. Ga wasu masu karantawa da suke tambayar ina ake zuwa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ma suna da sashen.

Ummu Hanif:
Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Anti Nas in tafi ni kaɗai ne ko da maigida? Kuma ina shayarwa.

Anti Nas:
Ya raka ki in zai iya, amma ki shiga ke kaɗai tukunna, in ana buƙatarsa za a kira shi. Maganar shayarwa ki faɗa tun a zaman farko saboda zaɓen magani. Ki tafi da katinki da takardar likitan da kwalayen duk abinda kike sha, ki rubuta abubuwa biyu uku da suka fi damunki a waya don mutum yana mantawa in ya zauna, ki kuma tambayi kuɗin kowane zama tun a ranar don ki san yadda zaki tsara. In kafin Talata tunanin cutar da kanki ya zo miki kar ki jira ranar, ki faɗa wa maigida a wuce dake sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.