Don Allah wannan ɗan akwatin alam ne ko me?

Mai_Beetle: Salam 'yan uwa, na samu tsohuwar Volkswagen Beetle ƙirar 1972, ina bin wayoyi sai na ga wani baƙin akwati ƙarƙashin dashbod, ba suna ba lamba, waya ɗaya ta tafi hon ɗaya ta tafi koyil (wanda ke ba fulogi wuta), kuma akwai ramin makulli a jikin fenda ta waje. In na girgiza shi wani abu na kaɗawa a ciki.

Rewaya: Wslm. Alam ne oga, ƙararrawar hana satar mota, na da can kafin zuwan rimot, wannan makullin na fenda da shi ake kunnawa a kashe. Abin da ke kaɗawa wani ɗan ƙarfe ne mai lilo, da an jijjiga motar sai ya taɓa ya haɗa wuta hon ya kama ihu. Wayar koyil kuwa ita ke hana inji tashi.

Tsohon_Direba: Malam ka buɗe a hankali fa, wasu kwalbar makuri (zaiba) ce a ciki kuma guba ne in ta fashe. Cire kan batir tukuna.

Mai_Beetle: Na gode sosai, bari in ɗauki hoton wayoyin kafin in taɓa komai.