Neman kalmar Hausa: wane suna za mu raɗa wa nutirino?

Salamu alaikum. Jiya bayan la'asar muna zaune da kawuna a gindin dalbejiya wajen Ƙofar Soro, ina ba shi labarin abin da nake koya wa ɗalibai a ajin Fiziks. Sau uku ina ambaton nutirino. A na ukun ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, wai maganin tari ne?" Dalilin wannan zare ke nan.

Abin da muke nema wa suna ƙwaya ce da ba ta da cajin lantarki, nauyinta kuma kamar babu. Rana na kwararo mana su ba dare ba rana: kusan biliyan 65 ke bi ta wurin da bai fi faɗin farce ba a kowace daƙiƙa. Da daddare ma ba a hutawa, ta ƙarƙashin ƙasa suke ɓullo mana. Masanin Fiziks Wolfgang Pauli ya yi hasashenta a 1930, amma sai a 1956 aka iya kama ta.

Da na tura tambayar zauren malamai na WhatsApp, suna na farko da ya faɗo shi ne "ƙwayar fatalwa". Ban karɓa ba. Aron tunanin Turawa ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ya san in ka furta fatalwa, darasin ya tashi daga kimiyya ya koma labarin aljanun kan tsamiya.

Wani tsohon malaminmu ya kawo "'yar ba-ruwana". Wannan kam ta ɗauki hankalina, don ita ce ainihin ma'anar sunan nutirino da masanin Fiziks Enrico Fermi ya yaɗa da Italiyanci, wato ƙaramar da ba ta da ɓangare, kuma kunnen Bahaushe ya saba da ƙasashe 'yan ba-ruwanmu a labaran rediyo. Sai dai Malam, a yi mini afuwa, nutiron, wata ƙwayar daban da ke cikin cibiyar atam, ita ma ba ta da caji. In muka ba wannan sunan, me za mu kira waccan ranar jarrabawa?

Ni nawa shi ne ratsau. Yadda muke cewa mantau da makarau ga wanda abu ya zame masa hali, ita halinta ratsawa ne. Kuma wannan halin ne ya sa masu binciken samaniya ke kashe dukiya wajen farautarta.

A duba abin da ya faru ran 23 ga Fabrairu 1987. Wani ƙaton tauraro ya fashe a nisan da haske ke shekara kusan 168,000 kafin ya iso mu. Na'urori uku da ke binne a ƙarƙashin ƙasa, a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet, suka kama ƙwayoyin da duka-duka ba su wuce 25 ba, cikin daƙiƙa 13 ko kusa da haka. Sai bayan awa biyu zuwa uku aka ga hasken. Kada wani ya ce sun fi haske gudu. Hasken ne ya maƙale cikin jikin tauraron yana neman ƙofa, su kuwa suka ratsa suka yi gaba abinsu, ɗauke da kusan kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin fashewar. Wane suna ya fi ratsau faɗin wannan?

Matsalar ita ce abin da ke ratsa tauraro zai ratsa na'urarka ma. Shi ya sa tarkon ya zama ƙato. A can ƙuryar kudancin duniya akwai IceCube, inda aka haƙa ramuka 86 da ruwan zafi cikin ƙanƙara, zurfinsu ya kusa kilomita biyu da rabi, aka zura idanun na'ura 5,160, aka gama a 2010. Wata 'yar'uwa daga Daura ta ce duk zurfinsu babu wanda ya kai Kusugu tarihi. Mun bar mata.

Ran 22 ga Satumba 2017 ƙwaya ɗaya tak mai ƙarfin gaske ta faɗa tarkon. Kafin minti ɗaya ya cika saƙo ya fita duniya, aka juya madubban hangen nesa zuwa inda ta fito, aka tarar da wani dandazon taurari mai baƙin rami (wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa) a tsakiyarsa, TXS 0506+056, yana tsakiyar balbali. Da yake ba ta da caji, maganaɗisun samaniya bai karkatar da ita ba, ta nuna gidansu kai tsaye. Amma ba kullum ake dacewa ba: ran 9 ga Oktoba 2022 aka ga fashewar hasken gamma (wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani) mafi ƙarfi da aka taɓa gani, IceCube ta duba, ko ɗaya ba ta samu ba.

Su kansu waɗannan fashe-fashen da ke tashi su mutu nan da nan suna buƙatar suna. Na ga wasu na rubuta "na wucin gadi", alhali wannan ta riga ta tafi wajen ƙirƙirarren abu. Kawu ne ya warware mana ba tare da ya sani ba, da ya gama sauraro ya ce, "To ai wutar kara ce." Na rubuta: wutar karan samaniya.

Nutirino za ta ci gaba da zama a takardar jarrabawa, wannan ba mu da iko a kai. A aji da hira ni dai ratsau zan riƙa cewa daga Litinin. Jam'in ne ya rage. Kunnena ya fi son "ratsau 25" haka kawai, amma in akwai malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan, a yi mana gyara kafin yara su haddace.