Ɗana ba ya iya zama wuri ɗaya: ƙiriniya ce ko lalura?

Maman Abba, Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara game da ɗana mai shekara takwas. Tun yana aji ɗaya malamansa suke kawo ƙararsa cewa ba ya zama a kan benci kuma yana katse malami ana tsaka da darasi, a Islamiyya ma idan an ba su hadda sai ya karanta aya biyu ya koma kallon taga. Jiya na aike shi sayo gishiri, ya dawo bayan rabin awa da kuɗin a dunƙule a hannunsa, ya manta abin da aka aike shi. Mahaifinsa ya yi dukan har ya gaji, kakarsa kuma ta ce a kai shi ruƙiya. Abin da ke sosa mini rai shi ne, idan an dake shi yakan ce cikin kuka shi ma bai san dalilin da ya sa yake yin haka ba.

Anti Nas, Katsina:
Wa alaikumus salam, Maman Abba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da kika bayyana ya yi kama da lalurar ƙarancin mayar da hankali da yawan motsi, wadda likitoci ke kira ADHD, sai dai likita ne kaɗai zai tabbatar. Abin da ake dubawa shi ne alamun sun fara kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, kuma suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta. Kusan yara biyar cikin ɗari a duniya suna da ita, galibi gado ce, don haka ki daina zargin tarbiyyarki. Ku kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a fara duba jinsa da ganinsa da barcinsa, domin akwai nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya yi shiru na ɗan lokaci a ɗauka shagala ce. Maganin methylphenidate yana taimaka wa yara da yawa, amma yana iya rage cin abinci da barci, saboda haka kada a saya a kemis.

Malamin firamare, Daura:
Hajiya, ki roƙi Alhaji ya ajiye bulala, domin na jarraba ta a aji shekara da shekaru ban ga ta gyara irin waɗannan yaran ba, sai ma ta sa su tsani makaranta. Akwai yaron da na dawo da shi bencin gaba, nesa da taga, na ba shi aikin goge allo da raba littattafai don ya samu dalilin tashi, cikin zango ɗaya rubutunsa ya sauya. A gida ki riƙa ba shi umarni ɗaya tak, kina kallon idonsa, ya maimaita miki kafin ya tafi. Haddar ma a yanka masa ita aya uku-uku da ɗan hutu a tsakani, kuma duk abin kirkin da ya yi a yaba masa nan take.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Addu'a ba za mu daina ba, amma na nuna wa mahaifinsa amsoshinku, ya yarda mu je asibiti ranar Litinin. Malam, me zan gaya wa malamar ajinsu don kada ta ɗauka kare shi nake yi?