Tun da na haifi ƙanwarsa yarona ya canza, ni ma na fara tsoron kaina

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Shawara nake nema, abin ya fara fin ƙarfina.

'Ya'yana biyu: namiji ɗan shekara uku da wata biyu, sai jaririya 'yar mako bakwai. Kafin in haihu yaron nan ba ruwansa. Tun yana shekara biyu da rabi ya bar famfas, da kansa yake jawo fo ya zauna, abinci ma da hannunsa yake ci. Amma tun ranar da muka dawo daga asibiti da ƙanwarsa kamar an musanya min shi. Fitsari a wando da rana tsaka, yana tsaye yana kallon idona yake saki. Maganar da ya iya tar ya ajiye ta, sai gwarancin jarirai. Da na ɗauke ta zan ba ta nono sai ya haye cinyata, in na sauke shi ya zube ƙasa yana birgima.

Shekaranjiya na shiga banɗaki, ko minti biyu ban yi ba, na fito na tarar ya ɗora mata filo a fuska, wai don ta yi shiru. Ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba. Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi, ya je bayan ƙofa ya tsuguna. Wannan kallon har yanzu yana cin raina.

Ita kuma daga faɗuwar rana sai kuka, wani lokacin har sha ɗayan dare. Babansu da sassafe yake fita, sai dare ya dawo, ba ni da mai taimako. Dabarata ɗaya in miƙa wa yaron waya ya kalli katun, wata rana awa uku, wata rana huɗu, in na karɓe kuma sabuwar rigima. Barcina ba ya kai awa huɗu. Ina cikin wanke-wanke sai in ji hawaye na zuba ba tare da an yi min komai ba. Wannan halin nasa zai wuce kuwa, ko ni ce na ɓata shi? Kuma yaya zan yi da zuciyata?

Maman Yara Huɗu:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, sannu da jego. Ba ki ɓata kowa ba, kishin ƙanwa ne, kuma sau uku na gan shi a ɗakina. Ki duba ta wajensa mana. Shekara uku cinyar nan tasa ce shi kaɗai, rana ɗaya aka shigo da wata ta kwace, kowa ya zo gidan ita yake nema, shi kuwa abin da yake ji daga safe zuwa dare "matsa", "kar ka taɓa ta", "yi shiru tana barci". Ya lura wadda take kuka take jiƙa kaya ita ake ɗauka, to me zai hana shi ma ya gwada?

Abin da ya yi min aiki: na sami ɗan kwando na zuba kayan wasan da ba ya gani kullum, ba a buɗe shi sai lokacin shayarwa, ana gamawa a rufe a ɗaga sama. Cikin kwana kaɗan shi da kansa yake cewa in ba ta nono. Sannan idan ina sa masa riga ta fara ƙananan kuka, sai in ɗaga murya yadda zai ji in ce mata, "Ki jira, ina shirya yayanki." Ita ba ta san me na ce ba, shi nake yi wa. Ki ga yadda zai ɗaga kai. Kuma ki rage "kai fa babba ne". Girman da bai roƙa ba, wanda bai kawo masa komai ba sai rashin cinya, ba abin so ba ne.

Uwar Maza:
Ni dai gaskiya shagwaɓa na gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Marin da kika yi daidai ne, gobe ba zai ƙara ba. Mu da aka daka me ya same mu?

Kakar Jikoki:
Uwar Maza, ki yi haƙuri, ban bi ki nan ba. Na yi duka a zamanina, kuma na ga abin da ya haifar: yaro ya daina yi a gabanka, ya koma yi a bayan idonka. A maganar jaririya kuwa na bayan idon shi ne abin tsoro.

'Yata, ɗan shekara uku bai san filo yana kisa ba. A kansa ya ga tana kuka, ya ga kukan yana damunki, ya nemo magani. Idan aka mare shi a kanta, lissafin da zai yi shi ne saboda wannan abar aka dake ni. Don haka gyaran farko ba a jikinsa yake ba, a tsarin gidan yake: kada ki ƙara barin su su biyu, ko na ƙiftawar ido. Za ki banɗaki, ki tafi da ɗaya, ko ki kwantar da ita a ɗaki ki ja ƙofa yadda hannunsa ba zai kai ba. Shi kuma ki same shi ki durƙusa daidai tsayinsa ki ce, "Ba a sa wa ƙanwa komai a fuska, ba za ta iya numfashi ba. In ta yi kuka ka zo ka kira ni." Gajeriyar magana, ki maimaita ta kullum. Marin kuma ki ba shi haƙuri, ba ya rage wa uwa komai. Rungume shi ki ce kin ji tsoro ne.

Ma'aikaciyar Jinya:
Mama Kakar Jikoki ta gama magana a kan yaron, ni kuma batunki da na jaririyar zan taɓa.

Kukan yamma da kike gani sananne ne. Kukan jarirai yakan fara ƙaruwa daga wajen mako biyu, ya kai ƙarshen yawansa wajen mako shida zuwa takwas, sannan ya ja baya a wata na uku zuwa na huɗu. Wato yanzu kina tsakiyar wurin da ya fi zafi. Idan tana kama nono sosai, tana jiƙa famfas, nauyinta na ƙaruwa, yawanci ba ciwo ba ne. Kada kukan ya sa ki ɗura mata ruwa ko wani jiƙo, nono zalla ya ishe ta har wata 6. Amma jaririn da bai kai wata 3 ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko ya ƙi nono, ko numfashinsa ya canza, ko ya yi koren amai, ko jikinsa ya saki, asibiti ake nufa a lokacin, ba a jiran gari ya waye. Wajen kwanciya kuma a rigingine, kan shimfiɗa mai ɗan tauri, babu filo babu tarin zannuwa kusa da fuskarta.

Abu ɗaya nake roƙonki. Duk daren da kika ji zuciyarki ta kawo wuya, kada ki girgiza ta. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba, girgiza ta 'yan daƙiƙu tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa. Kwantar da ita inda ba za ta faɗo ba, ki fita ki sha ruwa, ki yi minti biyar ko goma. Kukan wannan ɗan lokacin ba zai yi mata illa ba.

Fitsarin yaron, komawa baya irin wannan bayan an yi wa yaro ƙani abu ne da muke gani kullum. Ki riƙa kai shi fo duk bayan awa biyu ba tare da tambayarsa ko yana ji ba, in ya ɓata ki canza masa ba faɗa ba dogon bayani. Sai dai ki lura: yana kuka in zai yi fitsari? Bayan gidansa ya yi tauri, yana kwana biyu uku bai yi ba? Yana shan ruwa fiye da ƙima yana ramewa? In akwai ɗaya daga ciki a gwada shi, don ciwon mafitsara da taurin bayan gida da ciwon suga duk suna zuwa da haka. Na dare kuwa, ƙasa da shekara 5 ba ma lissafa shi a matsala.

Sai hawayen nan. Kukan da mai jego take yi a kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. Ke kina mako bakwai. Yana iya zama rashin barci ne kawai, yana kuma iya zama ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsalar irinsa tana samun kusan mata 13 cikin 100 da suka haihu. Ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin son 'ya'ya ba. Ki faɗa wa likita ko ungozoma ranar da za ki kai ta rigakafi, da bakinki, don ba lalle su tambaya ba. Akwai magungunan da ake sha ana shayarwa. In kuwa tunanin cutar da kanki ko yaran ya taɓa zuwa miki, ranar za ki je, kada ki jira ranar allura.

Mai tambaya:
Na gode Anti. Tunanin cutarwa bai zo min ba, alhamdulillahi, amma akwai ranar da na ji da ma in buɗe ƙofa in yi ta tafiya. Bayan gidan kuma kin taɓo wani abu, kwana uku ke nan bai yi ba, ban ma kawo shi a lissafi ba.

Malamar Nazare:
Bari in sa baki a maganar waya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan yara 'yan ƙasa da shekara 5: wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ta kuma ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na minti 180 a yini, da barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana. A aji ina gane yaron da bai samu waɗannan biyun ba tun kafin a yi tara: abu kaɗan ya fashe da kuka. Yaron da ya zauna awa huɗu wuri ɗaya, ƙarfin da bai ƙone ba a kanki zai sauke shi. Ƙarfe nawa yake kwanciya? In yana jiran jaririya ta yi shiru sha ɗaya kafin ya yi barci, rabin birgimar gajiya ce.

Maman 'Yan Biyu:
Malama, ƙa'ida gaskiya ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mace ita kaɗai da ɗanyen jego a ce ta yanke waya yau, ai sai ta zauce. 'Yar uwa, kada ki ɗora wa kanki wani sabon laifin. Ki rage a hankali. Ni abin da na yi, na daina ba su a hannu, sai in kafa ta nesa, in ce guda biyu za a kalla, in na biyun ya kusa ƙarewa in sanar. Ranar farko an yi ihu kamar ana yanka su, rana ta huɗu da kansu suka ce ya ƙare. Ki ajiye wayar don lokacin da ba makawa, kamar wanka ko girki. Sauran lokacin ki ba shi roba da ruwa kaɗan da kofuna kusa da ke kina kallonsa, ko ki miƙa masa tsumma ya "taya ki" goge-goge. Aikin zai ɓaci, amma zai yi shiru.

Wani Uba:
Ku yi min afuwa na shigo maganar mata. Duk amsoshin nan aiki ake ƙara wa baiwar Allah, ban ji an ambaci maigidan ba. Lokacin da muka yi na biyu ni ma haka nake, in dawo in tarar an share an dafa, in ɗauka lafiya ƙalau. Sai ranar da na dawo da wuri na same ta zaune a ƙasan kicin tana kuka, yara biyu suna taya ta. Wallahi ban sani ba, don kullum na tambaya "lafiya" take cewa. Ƙanwata, ki gaya masa, kuma kada ki ce "na gaji" kawai, mu maza ba ma gane wannan. Ki yanka masa aiki: wankan yaro da kwantar da shi naka ne, ranar da ba ka fita ka ɗauke shi ku yi awa biyu a waje, in ta sha nonon dare ka karɓe ta ka sa ta gyatsa ni in kwanta. Maganar filon ma ki faɗa masa, ya san inda abin ya kai.

Uwar Maza:
To, na ji. Ni ma dai ban ce a illata shi ba. Amma a nuna masa iyaka.

Kakar Jikoki:
Iyaka kam dole. Ya kai mata hannu, a riƙe hannun a ce a'a, a ɗauke shi daga wurin, ko sau goma ne a yini. Wannan ma ai tanƙwarawa ce.

Mai tambaya, bayan kwana tara:
Na dawo in yi godiya. Mun je asibiti, yaron taurin bayan gida ne da shi, an ba shi magani, fitsarin rana ya ragu zuwa sau ɗaya, jiya ma bai yi ba. Ni ma na yi wa likita bayani, ta yi min tambayoyi da yawa, ta ce in dawo bayan mako biyu. Babansu da na gaya masa zancen filo ya daɗe bai ce komai ba, yanzu shi ke kwantar da yaron in ya dawo da wuri, ko da yake sau biyu na leƙa na tarar uban ya riga ɗan barci. Kwandon wasa yana aiki, sai dai ya gano inda nake ɓoye shi. Waya muna kan awa ɗaya da rabi, ban kai inda Malama ta ce ba tukuna. Kukan yamma yana nan.

Yau da safe ina shanya na ji ya ƙwala min kira, "Mama, 'yarki tana kuka!" Har yanzu bai yarda ya ce ƙanwata ba. Akwai wadda nata ya yi haka? In gyara masa ko in ƙyale shi?