Wa ya taɓa tsintar kunkurun ruwa a hanya da damina?

Mai Lambu: Jama'a, jiya bayan ruwan asuba na tsinci kunkurun ruwa yana tsallaka titi. Bai kai tafin hannuna biyu ba, bayansa ruwan ƙasa, ƙarƙashin haɓarsa wasu 'yan tsiro biyu kamar gemu. Abin da ya ɗaure min kai, da na taɓa shi bai ja kansa ciki ba, sai ya lanƙwasa wuyan gefe guda. Yana cikin bokiti yanzu. Yaya zan yi da shi?

Direba: Malam, fatan dai bai yi maka tsiyar tasa ba. Ni da na ɗauki ɗaya na sa a mota, wani ruwa ya saki mai ɗoyi, kwana uku ina wanke kujera. Tun daga nan ko na gani, tsallakar da shi nake yi ta inda ya dosa, in kama gabana. In ka mayar da shi baya, sake hawa titin zai yi.

Malamar Kimiyya: Siffar nan ta irin kunkurun ruwan da masana ke kira Pelomedusa ce. Duba ƙirjinsa: idan gaban bai rufewa kamar ƙyaure, shi ne, mai rufewar wani irin ne da ake kira Pelusios. Da ana ɗaukar duk Pelomedusa jinsi ɗaya daga Afirka har Yaman da Madagaska, sai a 2014 masana suka raba su gida goma. Na taɓa ajiye ɗaya don ɗalibai, muka yi ta ba shi ganye yana kallonmu. Ran da wani yaro ya jefa tana, kafin ƙiftawar ido ya yage ta da farata. Talibambam, dodon koɗi, ƙwari, ƙananan kifi, har mushe, duk cimarsa ce. A gandun namun daji na Etosha a Namibiya taruwa suke su ja kurciya cikin ruwa idan ta zo sha. Wai kunkuru ba shi da yatsan dambe!

Mai Gona: Ni da rani na haɗu da nawa. Ina haƙa a busasshen kududdufi fartanya ta daki wani abu, na zaci dutse ne. Ashe shi ne ya binne kansa a laka yana jiran ruwa. Gefen ƙoƙon ya ɗan tsage, har yau abin yana damuna. Na mayar da ƙasar na rufe. Yanzu ba na ƙona ciyawar wurin.

Malamar Kimiyya: Kuma wadda kuka gani nesa da ruwa da damina, sau da yawa mace ce mai neman wurin ƙwai. Da ƙafafun baya take haƙa, ta jiƙa ƙasar da fitsarinta. Ba a sa su cikin masu fuskantar ƙarewa ba, amma mota da cike kududdufai suna cinsu. Mai Lambu, ka mayar da shi inda ka ɗauko, ta ɓangaren da ya dosa, ka wanke hannu da sabulu.

Mai Lambu: An gama. Na kai shi bakin kududdufin da ya nufa, ko waiwaye bai yi ba. Bokitin kam har yanzu wari yake.