Me ya sa ƙaramin jirgi ke jira in babba ya tashi?

Ɗan Ringim:
Salam yan uwa. Ƙanena na koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, da ya zo hutu yake cewa in babban jirgi ya tashi sai ƙarami ya dakata, wai iskar bayansa na iya kifar da shi, wallahi tun ranar hankalin Inna bai kwanta ba. Da gaske ne?

Malam na Gumel:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ɗana. Bakin fukafukan babban jirgi na barin iska biyu masu murɗawa kamar guguwar bazara, sai dai galibi ido baya ganinsu, kuma sun fi ƙarfi in jirgin na da nauyi yana tafiya a hankali, irin na alhazai in ya ɗauko kaya daga Kano. Shi ya sa ake jiran minti 2 zuwa 3.

Yar Kazaure:
Malam kuma iskar nan ƙasa take sauka ko? A 2017 wani ƙaramin jirgi ya bi ta ƙarƙashin babban jirgin fasinja A380 a saman tekun Larabawa, sai da ya yi ta juyawa, mutane suka ji ciwo.

Malam na Gumel:
Haka ne yata. Ɗan Ringim, ka faɗa wa Inna ana koya musu, wajen sauka ƙaramin ya bi ta sama da hanyar babban, ya dira gaba da inda tayar babban ta taɓa ƙasa. Allah ya tsare shi.