Neman shawara: Ryzen 9 7950X ɗina ya ƙi kai makin da ake faɗa

Sadiku Mai Bidiyo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kwamfuta na wannan zaure. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da taruka da tace su a nan Kano. Yanzu kusan kowa 4K yake so, tsohuwar kwamfutata kuma ta kasa. Na tara kuɗi na sa aka haɗa mini ta tebur a wani shago: furosesa Ryzen 9 7950X, RAM DDR5 mai 32GB, da katin hoto RTX 3060.

Wani abokina ya ce in gwada ta da Cinebench R23, manhajar auna ƙarfin furosesa, in ga ko abin da na biya aka ba ni. Gwajin da ke sa dukkan ƙwayoyin furosesa (cores) aiki lokaci guda ya ba ni maki 32,100. Masu gwaji a YouTube kuwa wajen 38,000 suke samu da irinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne zafi. Ina danna fara gwaji ya haye digiri 95, nan ya zauna har aka gama. Mai shagon ya ce ba komai, haka suke. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, don ba ƙaramin kuɗi na zuba ba. An cuce ni ne? In mayar, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Bashir Kawo:
Wa alaikumus salam. Digiri 95? Kashe ta yanzu ka mayar musu, kafin ta ƙone a hannunka su ce kai ka lalata.

Injiniya Kabiru:
Malam Bashir, a yi haƙuri, a kan wannan furosesan ba haka abin yake ba. Tun da AMD ta fito da jerin Ryzen 7000 a watan Satumba na 2022 ta bayyana cewa an tsara su ne su yi aiki a digiri 95 idan aka ɗora musu nauyi. Furosesan yana ƙara wa kansa gudu har sai ya ci karo da ɗaya daga iyaka biyu: zafin 95, ko wutar da aka yarje masa ya ja, wadda a 7950X wat 230 ce. Wanda ya sa masa babbar na'urar sanyaya ta ruwa yana iya ganin 95, wanda ya sa ƙaramar fanka ma 95 zai gani. Bambancinsu shi ne gudun da kowanne ke yi a wannan zafin. Saboda haka mai shagon bai yi ƙarya a kan zafin ba, amma bai amsa maka tambayar maki ba.

Malam Sadiku, maki shi kaɗai ba ya nuna inda matsala take. Fara da CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan da ke cikin kwamfuta, kyauta ce. Duba sunan furosesa, ka tabbata ya nuna ƙwayoyi 16 da zare (threads) 32. Idan haka ne, maganar an musanya maka kaya ta faɗi. Daga nan sauke HWiNFO64, mai nuna zafi da gudu da wutar da ake ja, buɗe shafin ma'aunai, ka ajiye shi a gefe. Sake kunna kwamfutar, rufe Chrome da Premiere da duk abin da ke tura fayil zuwa intanet a ɓoye, sannan ka bar Cinebench ya yi gwajinsa na minti 10. Kada ka yi na zagaye ɗaya, wannan yana ƙarewa kafin ƙarfe ya ɗauki zafi sosai. Wajen minti na takwas ka rubuta mana gudun ƙwayoyin da wat nawa furosesan ke ja. Lafiyayyen 7950X mai isasshen sanyi yana riƙe wajen 5GHz a dukkan ƙwayoyi, yana jan fiye da wat 200.

Ka kuma gaya mana wace na'urar sanyaya aka sa maka, da zafin ɗakin da kake. Masu gwajin da kake kallo yawanci a ɗaki mai iyakwandishan suke yi, digiri 21 zuwa 23. Kai kuma kana Kano a watan Afrilu.

Aminu Damagaram:
To ni fa, Injiniya? Core i9-13900K gare ni, 2,100 da 'yan kai ya ba ni. Idan 32,000 abin kuka ne, ni ina zan sa kaina?

Injiniya Kabiru:
Kwantar da hankalinka, Malam Aminu, duba saman tagar ka ga wane ka buɗe. Ina kyautata zaton Cinebench 2024 ne. Kamfanin Maxon ya sake ma'aunin gaba ɗaya a 2023, ya sa injin zana hoto na Redshift da wani hoton daban, don haka lambobinsa ƙanana ne. Haɗa makinsa da na R23 kamar a auna hatsi da mudu ne, wani ya auna da tiya, sannan a tsaya gardamar wa ya fi yawa. Idan kuma R23 ɗin ne, to gwajin ƙwaya ɗaya ka danna. A na dukkan ƙwayoyi 13900K yana kai wajen 40,000. Tunda ka ambaci wannan furosesan, ka sabunta BIOS ɗinka, wato manhajar saiti ta madabod, idan ba ka yi ba. Intel ta amsa a 2024 cewa wasu na jeri na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin wuta da ya wuce kima, ta kuma fitar da gyara mai lamba 0x12B.

Rukayya A.:
Ɗan'uwa Sadiku, sana'armu ɗaya, ni a Kaduna nake. Ka bi duk abin da Injiniya ya ce, amma ina so ka ƙara gwaji ɗaya wanda ya fi shafar aljihunka. Cinebench hoto mai siffa uku yake zanawa, aikin da ke cika kowace ƙwaya dam. Tace bidiyo ba haka yake tafiya ba. Ɗauki aikin bikin da ka riga ka gama a tsohuwar kwamfutar, wanda ka san tsawon lokacin da ya ci, ka sake fitar da shi a sabuwar da saiti iri ɗaya, agogon waya a hannunka. Yayin da yake fita ka buɗe Task Manager ka kalli layin furosesa da na katin hoto. Sau da yawa za ka tarar furosesa yana hutawa, katin hoton na Nvidia ne ke matse bidiyon. Idan haka ka gani, ko ka kai 38,000 amarya ba za ta karɓi bidiyonta da wuri ba. Ka kuma lura da inda fayilolin suke. Idan daga tsohon faifan ajiya (hard disk) na waje kake jan 4K, shi zai riƙe maka komai.

Sadiku Mai Bidiyo:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da na samu. CPU-Z ya nuna 7950X, ƙwayoyi 16, zare 32, alhamdu lillahi. Da na rufe komai na gwada da rana, ma'aunin bango yana nuna 37 a ɗakin, maki ya zama 33,400, gudu wajen 4.5GHz, wuta wat 135. Na sake bayan sallar asuba, ya ba ni 34,600 da wat 150. Na buɗe murfin gefe na leƙa: na'urar sanyayar siririya ce, hasumiya ɗaya da fanka ɗaya. Wani abu kuma, a kwalin RAM an rubuta 6000, amma CPU-Z 2400 yake nunawa.

Anti Rukayya, aikin da ke cin kusan awa biyu a da ya fita cikin minti 26. Furosesa bai wuce rabi ba a mafi yawan lokacin.

Injiniya Kabiru:
Madalla, yanzu magana ta fito. Ba a cuce ka a furosesa ba. Ya buga 95 yana jan wat 135 kacal, ga kusan wat 100 da aka yarje masa ya kasa taɓawa saboda babu inda zafin zai tafi. Na'urar sanyayar ce ta yi masa kaɗan. Koma shagon da waɗannan lambobin a rubuce, ka nemi a canza ta ka cika kuɗi. Idan an cire ta ka tsaya ka gani da idonka: akwai siririyar leda da ke zuwa manne a ƙasan ƙarfen, wani lokacin a manta ba a ɓare ba. Ka ga kuma an goge tsohon man da ke tsakaninta da furosesa an sa sabo. Ko an gyara, kada ka sa rai da 38,000 cif a ɗaki mai digiri 37. Idan ka ga 36,000 zuwa 37,000 a irin wannan zafin, kayanka lafiya lau.

Usman Gyaran Kwamfuta:
Ni shawarata ka sa ta iska mai hasumiya biyu, irin Noctua NH-D15 ko Thermalright Peerless Assassin 120 idan kuɗi sun yi kaɗan. Ta ruwa mai 360mm ta fi sanyaya, ba musu, amma in famfonta ya mutu sai ka sayi sabuwa gaba ɗaya, kuma ba kullum ake samu a kasuwa ba. Ta iska fanka kawai za ka canza. Da hunturu ka riƙa buɗewa kana busa ƙura, na ga wadda ƙura ta toshe haƙoranta har iska ba ta ratsawa. In a kan inbata kake aiki, akwai Eco Mode na wat 105 a BIOS. Yana tsayar da furosesa a wat 142, asarar maki ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba.

Bashir Kawo:
Na ƙaru, Injiniya. To RAM ɗin fa, ba nan aka yi masa ƙwange ba? Daga 6000 zuwa 2400 ai da nisa.

Injiniya Kabiru:
A'a. CPU-Z rabin lambar yake nunawa, 2400 na nufin 4800, gudun da DDR5 ke tashi da shi kafin a taɓa saiti. Malam Sadiku, shiga BIOS ka kunna saitin gudun RAM mai suna EXPO, ko XMP idan shi ne a jikin kwalin, zai hau 6000 ɗinsa. Cinebench R23 ba zai motsa sosai ba, bai cika damuwa da RAM ba, a wajen tace bidiyo ne za ka fi amfana. Bayan ka ajiye saitin allon yana iya zama baƙi na 'yan mintuna, madabod ɗin yana daidaita RAM ne, kada ka kashe. Ka yi shi kana jone da UPS, kada a ɗauke wuta ana tsakiya. Idan an canza na'urar sanyayar ka maimaita gwajin minti 10 ɗin da rana, a ɗakin nan dai, ka turo mana gudu da wat tare da makin.